Kitson Mariya da Wayoyi Goma Sha Tara

Kowace safiya, kafin motocin Kawo su cika, Mariya takan fito daga Unguwar Shanu da kibiyar kitso da sabulu ƙulle a bakin zane. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka. A takardar aiki, mai shara ce a asibiti, sashen masu taɓin hankali. Ƙarshen wannan wata na Satumba, 1978, za ta ajiye aiki, kuma ban ji an shirya mata ko shayi ba.

A 1972, shekarar da muka koma tuƙi ta hannun dama, wani likita baƙo ya kawo na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Akan manna wa mara lafiya wayoyi goma sha tara a fatar kai, a buga masa ƙara ƙas-ƙas a kunne, na'urar ta zana a takarda yadda ƙwaƙwalwa ta amsa. Burinsa ya gwada amsar masu jin muryoyin da babu su da ta waɗanda baƙin ciki ya danne. Maza ba su ba da wahala ba. Mata kuwa, kitso da man shanu suka hana waya kamawa, sai ya ce a aske su.

Mariya ta jingine tsintsiya. "Likita, macen da ta fita daga nan da kai a aske, har ta mutu mahaukaciya ce a unguwa. Nuna mini inda wayoyinka ke zama."

Ya auna, ya ɗiga mata guraben a bayan ƙwarya. Kwana uku tana juya ƙwaryar, har ta fito da kitson da tsagarsa ke ratsa kowane gurbi. Ta wanke kai, ta kitsa, waya ta zauna. Ma'aikatan jinya sun shaida mini cewa ba a aske mace ko ɗaya ba.

A 1974 aka kawo Husaina, matar Gambo, wani direba Bakatsine. Tun da jaririnta ya rasu ta daina magana. Wata biyu Gambo yana zuwa, sannan ya tari Mariya a baranda.

"Inna, da ita da bango ɗaya ne. Ba ta ji."

"Kai ne bangon. Zo ka gani." Ta ɗora yatsa a takardar gwajin Husaina, inda layi ya yi ɗan tudu. "Likita ya ce wannan amsa ce. Ƙarama ce, amma tana nan. Tana jin ka, ɗan nan. Zauna ka ba ta labarin tasha, ko na ƙarya ne."

Gambo ya zauna, kuma ya riƙa zuwa kowace Juma'a. Amma a 1976, shekarar da Jihar Arewa ta Tsakiya ta koma Jihar Kaduna, wa'adin likita ya cika, ya tafi. Na'ura ta lalace, ba a samo kayan gyaranta ba. Takardun shekara huɗu, rufi ya yi musu yoyo, gara ta ƙarasa. Ta Husaina kaɗai Mariya ta tsamo. Da Gambo ya ɗauke ƙafa, ta bi shi har tashar Kawo da takardar.

"Inna, takarda ta amsa, ita ba ta amsa ba," in ji shi. "Shekara uku ina zuwa." Bai sake zuwa ba.

Har yau Husaina ba ta ce uffan ba. Duk Alhamis Mariya takan tsefe mata kai, ta yi mata kitson nan da babu wayar da za ta sake zama a tsagarsa, tana ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa a bakin famfo. Na tambaye ta wa zai ci gaba bayan Satumba.

"Malam, kitso kowa ya iya," ta ce. "Surutun ne ba shi da magaji."

Ke ce, Mariya, kika hana aska hawa kan 'ya'yan mutane. Ke ce kika yarda da ɗan tudun nan bayan masu ilimi sun tafi, masu aure sun gaji. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma masu karatu, duk mai ɗan'uwa a irin wannan sashe, ya je ya zauna ya yi masa magana, ko bai tanka ba. Alhamis ta farko a Oktoba, Husaina za ta zauna a tabarmarta da tsohon kitso, tana ji.