Ranar da Aka Juya Ƙaramin Dishi Gabas

Ko zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da safiyar Larabar da maigidana ya hau rufin ɗaki da sifana a aljihu, da zuciya ɗaya, ya kusa jawo min asarar shekara guda ta karatu. Yanzu in na tuna dariya nake yi. A ranar kam ko murmushi ban iya ba.

Ni malamar firamare ce a Ƙaura Namoda. Shekara huɗu na yi ina karatun digiri daga gida, irin wanda ake turo darasi ta intanet, ina yi tsakanin makin littattafan yara da tuƙa tuwo. Abin da ya rage min shi ne in kare kundin bincikena a gaban malamai uku. Saboda yadda hanya ta zama, sun yarda a yi ta bidiyo, kowa ya zauna garinsu. An ba ni ƙarfe goma na safe, kuma an rubuta ƙarara cewa wanda bai bayyana a lokacinsa ba sai baɗi.

Dishi biyu ne a kan rufinmu, kuma a nan maganar take. Babban na talabijin ne, shi muka fara sawa, musamman don surukina da muka ɗauko daga Zurmi ya dawo wurinmu da zama. Baba tsohon malamin shari'a ne, ba ya wasa da tashar Makka da labaran safe. To amma dishin talabijin hoto kawai yake saukowa da shi, ba ya ba ka intanet, sabis ɗin waya kuwa a unguwarmu da ƙyar yake ɗaukar gaisuwa, balle bidiyo. Shi ya sa na nemi wani kamfani daban, suka kafa min wani ɗan ƙaramin farin dishi a gefen babban, suka jawo waya zuwa wani akwati mai fitilu a falo.

Ranar da aka kafa shi maigidan yana hanyar Shinkafi, don direba ne. Ni kaɗai mai haɗawar da kamfanin ya turo ya yi wa bayani. Ya ce, "Malama, wannan ba sama yake kallo ba, dogon ƙarfenmu na sabis da ke cikin gari yake kallo. Kada kowa ya taɓa shi." Na ce to. Kuma ban faɗa wa kowa ba, wannan laifina ne, na yarda. A ganina harkar karatuna ce, me zai haɗa direba da tsoho da ita?

Ana gobe jarabawar, bayan la'asar, aka yi wata iska mai ƙarfi da ɗan yayyafi, talabijin ya ɗauke. Na leƙa akwatina na ga fitilunsa kore shar, na ce wannan matsalar Baba ce. Da safe ina kicin ina dama koko na ji tsani a jikin bango, sai kuma wannan kiran da duk mai dishi a Ƙaura ya sani: ɗaya a sama yana juyawa, ɗaya a ɗaki yana kallon talabijin.

"Baba, ya kawo?"

"Bai kawo ba."

"Yanzu fa?"

"Shina rawa. Koma baya kaɗan. Yawwa, tsaya nan."

Maigidan ya ɗan jima a sama bayan hoton ya dawo, ban kawo komai a raina ba. Ya sauko yana karkaɗe hannu, ya sha kokonsa a tsaye, ya ce Allah ya ba ni sa'a, ya wuce tasha.

Tara da ƴan mintuna na yi wanka, na sa sabon hijabina, na buɗe kwamfuta. Shiru. Na duba akwatin, fitila ɗaya ja tana ƙyafta min ido. Na kashe na kunna, na cire waya na mayar, na yi duk abin da na sani har da hura masa iska, ja dai. Ga talabijin kuwa a gefe yana ta aikinsa lafiya lau, masu ɗawafi suna ta zagayawa, kamar da gayya.

Na kira mai haɗawar. Ya ce yana Shinkafi, kuma ba zai kama hanya ba sai motoci sun taru an fito tare, ko ya yi sauri sai azahar. Ya ce daga wajensu komai lafiya. Sannan ya ce, "Malama, akwai wanda ya hau rufin nan?"

Na juya wurin Baba. Ni da surukina gaisuwa ce kawai tsakaninmu, in durƙusa, in sadda kai, in tashi. Amma ranar na tambaye shi ido cikin ido ko ya san abin da aka yi a sama.

Ya ce, cike da jin daɗi, "Ai duka biyun ya gyara, ɗiyata. Ya ce ya iske iska ta juya ƙaramin har ya ba gabas baya. Ya maido shi daidai da ɗan'uwanshi, ya ɗaure shi tamau."

Kun ji fa. A wurin maigidana duk dishin da ke garin nan gabas yake kallo, haka ya gani tun yana yaro, in za a saita na wani ma na maƙwabci ake dubawa. Da ya ga ƙaramin ya bambanta, sai ya taimake ni. Mutum ne da bai yarda akwai ƙarfen da ya fi ƙarfin sifanarsa ba.

Tara da rabi ta wuce. Na kira maigidan, hayaniyar tasha ta cika wayar. Ya ce layinsa ne, saura mutum biyu mota ta cika. Na ce, "Maigida, ƙaramin dishin nan da ka juya, shi ne jarabawata." Na ji ya ce innalillahi a hankali, ya kashe. Daga baya na ji a take ya sauke fasinjojinsa ya miƙa wa na bayansa, ya haye ɗan acaba.

Ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya haye tsani. Sai ga wata sabuwa: ya ɗaure notin da ƙarfin mai ɗaure tayar mota, da ƙyar ya kwance. Da ya kwance kuma ya leƙo ya ce, "Malama, ina yake kallo da?" Wallahi ban sani ba. Wata bakwai ina cin moriyar abin nan, ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba. Mai haɗawar yana ta ce min yamma maso kudu a waya, amma daga rufinmu ba a hango ƙarfen, bishiyoyi sun tare. Goma saura kwata, maigidan yana ta juyawa a makance, fitila ja ba ta ko motsa ba. Na zauna a bakin kujera na fara lissafa yadda zan sake wata shekarar.

Sai na ji ƙarar sandar Baba. Ya fito tsakar gida, ya tsaya daidai inda yake alwala, ya ɗaga kai.

"Kai, bar wanga lalube. Kullum in ina alwala nan ina ganin ɗan banzan ga ya juya wa alƙibla baya, abin na damuna, ban dai yi magana ba. Ka ga giginyar can ta wajen tashar jirgi? Ita yake kallo, ɗan dama da ita kaɗan."

Haka muka jeru: maigidan a sama, Baba a tsakar gida yana nuni da sanda, ni a falo na zuba wa akwati ido. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban surukina ba, ranar ni ce mai kwarmaton "bai kawo ba", har maƙwabta na ji. Can fitilar ta koma ruwan ɗorawa. Na ce a ƙara kaɗan. Ta yi kore, ta biyu ta biyo ta, ta uku ma.

"Ya kawo! Kada ka ƙara taɓawa!"

Goma saura minti huɗu na shiga. Malamar da ke shugabantar zaman ta ce, "Malama, kamar kin yi gudu." Na ce iska aka yi mana jiya. Minti arba'in suka yi suna juya ni da tambayoyi, kuma ko sau ɗaya hoton bai tsinke ba. Da suka ce na ci, na rufe kwamfutar na kifa kaina a kanta na yi kukana mai isata, na jin daɗi da sauke nauyi.

Da na fito na tarar Baba ya kashe talabijin ɗinsa da kansa, wai kada ya janye min sabis, duk da babu abin da ya haɗa su. Ban gyara masa ba. Na ɗaga kai, sai ga maigidan har lokacin yana kan kwano cikin rana, ya riƙe dishin da hannu biyu, gumi ya jiƙa rigarsa. Ashe tsoron ɗaure notin ya yi kada ya goce, sai ya riƙe shi haka har na gama.

Na ce, "Sauko, na ci."

Ya ce, "Ki tabbata dai, don hannuna ya mutu."

Da yamma na zaunar da su biyun na yi musu bayanin da ya kamata in yi tun wata bakwai baya, maigidan kuma ya samo jan fenti ya shata alama a jikin ƙarfen. Abin da na koya shi ne duk abin da ka kafa a gidan da ba kai kaɗai ba ne, ka faɗa wa mutanen gidan yadda yake, ko da kana ganin ba fanninsu ba ne. Ni da na ji bayani na yi shiru, na kusa rasa shekara. Tsohon da na ɗauka ba ruwansa, shi kaɗai ne ya san inda dishina yake kallo.