Ranar da muka wanke rijiya saboda baƙi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bashir, kuma har yau in na jefa guga a rijiyar garinmu sai na yi masa faɗa a zuci. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai, ni ma kuwa ban fi shi sauƙi ba.

A ofishin ruwa na Sinnar yake aiki. Yakan bi ƙauyuka da akwatin ƙanƙara, ya ɗebi ruwan rijiyoyi ya kai ma'amal, inda ake aunawa. Mukan tsokane shi cewa duk karatun nan a cika kwalba ya ƙare. Kwalbarsa sai ta cika fal, ba ya barin iska ko kaɗan, domin a cewarsa in akwai mai a ruwan, ta nan yake gudu. Kowace rijiya kwalba biyu, ɗaya ta shaidi ɗaya. Akwai ta uku mai tsabtataccen ruwa da ba ya buɗewa, rakiya kawai take yi. In an sami ƙazanta a cikinta, to a hanya aka kwaso, ba a rijiya ba.

Bayan garinmu akwai tankin jaz, wato man dizal, da aka binne don injinan ban-ruwa na wata babbar gona. Ya tsufa, ya yi ta yoyo a ƙasa ba wanda ya sani, sai da jabana, gahawarmu ta safe, ta fara warin gareji. Bashir ya yi ta kai ƙafa ofis-ofis har aka yarda za a turo manya su ga an ɗebi ruwan da idonsu. In awo ya nuna mai, masu gonar za su haƙa mana sabuwar rijiya nesa da tankin.

Abin da ya kashe mu kunya ce. Dattawa suka ce baƙi daga Hartum za su yi alwala, za su sha, ba zai yiwu a miƙa musu ruwa mai wari ba. Ana gobe za su iso, samari suka yaye maiƙon da ke sama, suka yashe rijiyar, aka yi ta jigilar ruwan kogi a keken jaki ana juyewa ciki. Bashir yana Sinnar, ba wanda ya gaya masa. Da ya iso tare da baƙin ya leƙa rijiyar da safe sai ya juyo ya dubi kawunmu.

"Kawu, mi kunka yi wa ruwanga?"

"Mun fid da garinmu kunya, ɗana."

Ya ɗeba a gabansu, don ba yadda zai yi. Kwalabe biyun suka fito tas. Ya yi bayani cewa wannan ruwan kogi ne, a sake zuwa. Aka ce an riga an zo, an gani, magana ta ƙare. Kafin wata ya zagayo warin ya dawo.

Sai dattawan nan da kansu suka same shi, suka ce ya sake ɗiba, ya ɗiga jaz kaɗan a kwalbar don abin ya fito fili. Ai ba ƙarya ba ce, man yana nan. Ni ma na goyi bayansu, kuma ban janye ba har yau. Ya ƙi. Ya ce ranar da ya ɗiga abu a kwalba ɗaya, duk rijiyoyin da ya taɓa aunawa sun zama abin zargi. Wasu suka daina amsa sallamarsa a masallaci. Ya ci gaba da ɗiba da kansa, amma awon da ba a aike shi ba, ba mai karɓa. A haka ciwo ya kwantar da shi. Ban ce ruwan ne ya kashe shi ba. Da yana nan shi zai fara hana ni faɗa, tunda ba a auna ba.

Me zai ce da ya ga yau? Yaƙi ya watsa ofishin nasa. 'Yan'uwa da suka gudo daga birni sun cika ɗakunanmu, duk a kan wannan rijiya. Ruwan kogi yana sa yara gudawa, na rijiya yana wari, barin gari kuma ba inda za mu. Mukan ɗebo mu bar shi a randa a buɗe ya kwana, warin ya ragu, mu ce wa juna ya gyaru. Ni na san bai gyaru ba, shi ya koya mini.

Abin da ya bar mini ke nan, ba na iya yaudarar kaina. Ina alfahari da shi, ina kuma jin haushinsa, na kasa ajiye ko ɗaya.

Kwanaki wata motar agaji ta kawo ruwa mai kyau. Na ɗebo da rawar jiki na miƙa wa jikata Nafisa, wadda aka haifa bayan rasuwarsa. Ta kurɓa, ta ɓata fuska, ta miƙo mini kofin, ta kira ni yadda jikoki ke kiran kaka a nan.

"Haboba, wanga ba ruwa ba ne. Ki ba ni namu."