Wanda Ya Kama Igiyar Ɗan Akuya

A ƙarshen titin da ke bayan gidan waya akwai wani gini mai dogayen tagogi, wanda fentinsa ya daɗe da komawa launin toka. Laburaren unguwa ke nan. Idan mutum ya wuce teburin jaridu, inda tsofaffi ke gyangyaɗi da sunan karatu, zai tarar da wani ƙaramin ɗaki mai gajerun kujeru da shimfiɗa a tsakiya. Ɗakin yara ne, kuma a cikinsa matar da kowa ke kira Gwaggo ta yi aiki tun tana amarya har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Ba gwaggon kowa ba ce a cikinsu. Yaran farko ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida, har maigidanta, tsohon direban bas, ya koma kiranta da shi idan yana jin tsokana. Mace ce mai sanyin murya da saurin hannu. Duk wanda ta gani ya ɗora biro a kan shafin littafi, kafin ya ankara biron ya koma jakarta, kuma ba zai sake ganinsa ba sai lokacin tashi. Haka nan idan tana karanta wa yara labari ranar Asabar da safe, ba ta ƙara wa marubuci kalma, ba ta rage masa. Ta kan ce littafi amana ce, mai shi ba ya nan balle ya kare kansa.

Wannan hali nata shi ya ɗaure ta a kan wani ɗan littafi mai jan bango. Labarin ɗan akuya ne da ya hau motar kaya don ya ci ganyen da aka ɗora, barci ya kwashe shi, ya farka a wani gari mai nisa. Yara sun fi son sa a kan kowane littafi. Sai dai tun ranar da ya zo laburaren, cikin kwalin littattafan da wani ya bayar kyauta, shafukansa na ƙarshe a yage suke. Labarin ya tsaya daidai inda ɗan akuya ke kan gada, ruwa ya fara sauka, sai ya ji an kama igiyar wuyansa ta baya. Da ya waiwaya... shi ke nan, sai bango.

Gwaggo ta nemi wani kofin har ta gaji. Kamfanin da ya buga littafin ya rufe, sauran laburare kuwa wasu gara ta cinye nasu, wasu ba su taɓa jin labarinsa ba. Kullum idan ta kai gadar sai ta rufe littafin ta ce, "Nan ilimina ya ƙare." Yara su yi ta gardama. Wasu su ce mahauci ne, wasu su ce yarinyar da ke kiwonsa ce ta biyo sawu. Waɗanda suka fara gardamar sun girma sun yi aure, ga 'ya'yansu nan a kan shimfiɗar suna ci gaba daga inda iyayen suka tsaya.

A shekarar da za ta yi ritaya ne shugaban laburaren ya zaɓe ta ta je babban taron ƙungiyar ma'aikatan laburare. Da ta duba tsarin taron, sai ta ga an ware yamma guda don ganawa da marubutan littattafan yara, kuma ga sunan mai ɗan akuya a cikinsu. Ita da ta ɗauka ya daɗe da rasuwa. Murna ta sa ta yi abin da ba ta saba ba. Ranar Asabar, a gaban yara da iyayen da suka rako su, ta ɗaga littafin ta ce, "In Allah ya yarda, mako mai zuwa za ku ji wanda ya kama igiyar."

Da yamma maigida ya same ta tana naɗe littafin a cikin tsohon mayafi.

"Gwaggon yara, kin dai san alkawari kaya ne," in ji shi. "In kika je kika tarar tsohon ba ya ji fa?"

"Sai in rubuta masa."

"In ba ya gani?"

"Malam, kai dai ka kai ni tasha. Ban tambaye ka duba ba."

Taron ya fi yadda ta zata girma. An rataya mata kati a wuya kamar ɗalibar da ake tsoron ta ɓata, aka ba ta jaka mai tambarin ƙungiya. Da safe ta saurari wani mai gilashi yana bayani a kan sa littattafai a kwamfuta, ta rubuta abin da ta gane, ta bar sauran ga masu rabo. Daga baya wata mata ta yi magana a kan rufin da ke yoyo da yadda ake ceton littafin da ya jiƙe, nan kam Gwaggo ta gyara zama, don an zo gidanta. Wajen shan shayi ta gano cewa ciwon kowa iri ɗaya ne: ko'ina akwai yaron da ke lanƙwasa kusurwar shafi, ko'ina akwai tsohon da ke riƙe jarida har azahar.

Kafin a koma zaure ta leƙa babban ɗakin da kamfanoni suka baje littattafai. Ƙanshin sabuwar takarda ya cika wurin. A wani teburi na can lungu, wanda mai tsaronsa bai dawo daga shayi ba, ta hango wani tsoho mai sanƙo, sanye da rigar sanyi mai gwiwar hannu a yage. Ya jawo sabon littafi daga kan tari, ya buɗe, ya yi rubutu, ya ajiye. Ya jawo na biyu.

Sabo turken wawa. Hannun Gwaggo ya riga hankalinta isa teburin. Kafin tsohon ya kai ƙarshen layi, biron ya bar yatsunsa.

"Haba Baba," ta ce a hankali, don ko faɗa ba ta yi da ƙarfi. "Da girmanka? Littafin mutane, sabo fil, ko farashi ba a cire ba."

Tsohon ya dubi hannunsa, ya dube ta, ya dubi katin wuyanta.

"Na yi laifi, Malama. Mene ne hukuncina?"

"A wurina sai an tashi ake mayar wa mutum."

"To, Allah ya kai mu tashin," in ji shi, ya naɗe hannuwansa kamar yaron kirki.

Ta jefa biron a jaka ta wuce, zuciyarta wasai, tana jin ta yi wa ƙungiya aiki.

Da yamma zaure ya cika. Aka fara gabatar da marubuta. Akwai wata doguwar mata mai zana hotunan littattafanta da kanta, wadda ta ce ɗanta na fari ne ya hana ta barci har ta zama marubuciya. Akwai wani matashi mai rubuta labaran ƙwari, ya kwaikwayi tafiyar buzuzu a kan dandamali har shugabar ƙungiya ta share hawaye. Gwaggo tana dariya, amma idonta na kan ƙofa. Hoton da ke bayan littafinta na wani saurayi ne mai tulin suma da gashin baki, shi take jira ta gani, ko da ya tsufa.

Da aka kira sunan, sai mai sanƙon nan ya taso daga layin gaba yana dogara sanda.

Gwaggo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zame a kujera har katin wuyanta ya taɓa cinyarta. Sai yanzu ta gane cewa hannu yake sa wa littattafansa, kamar yadda marubuta ke yi wa masu saye.

Tsohon ya gaisa da jama'a, sannan ya ce, "An sanar cewa zan sa hannu a littattafai bayan wannan zama. Ina ba ku haƙuri, ba zai yiwu ba. An kama ni ina rubutu a littafi, an ƙwace birona, kuma an ce sai an tashi."

Zauren ya ɗauki dariya, irin dariyar mutanen da kowannensu ya san zai iya aikata haka. Wata murya daga baya ta ce a nuna musu jarumar. Gwaggo ta so ta yi shiru, amma biron mutum yana jakarta, ga kuma abin da ke naɗe cikin mayafi. In ta ɓuya yanzu, da wane ido za ta je gabansa daga baya? Ta miƙe, ta bi ta tsakiyar kujeru ana tafa mata har dandamali.

"Ranka ya daɗe, ga bironka. A gafarce ni."

"An tashi ne?"

"An yi maka sassauci."

Bayan zaman ya sa aka kawo mata kujera kusa da tasa. Sai da layin masu neman sa hannu ya ƙare, sannan ta warware mayafin. Tsohon ya ɗauki littafin da hannu biyu. Ya shafa bangon da ta yi wa faci da ƙyalle, ya juya ya ga saurayin mai suma, ya ce, "Allah sarki. Ina wannan yaron ya shiga?"

Ta ba shi labari duka, har da alkawarin Asabar. Ya buɗe shafin farko ya fara karantawa, yana dariya shi kaɗai kamar wani ne ya rubuta. Ya kai gada. Ya juya shafi, ya tarar da bango. Ya ɗago kai.

"To, wa ya kama igiyar?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, tambayar da na hau mota na kawo maka ke nan."

"Malama, wallahi ban sani ba. Littafina na fari ne, ko kofi ɗaya ba ni da shi. Amma abu ne mai sauƙi, yanzu sai in ƙago miki wani."

Gwaggo ta girgiza kai. Ta ce yaran ba wani ƙarshe suke jira ba, wanda aka yage suke jira, kuma ba za ta iya tsayawa a gabansu ta ce shi ne alhali ba shi ba ne.

Tsohon ya daɗe yana sosa sanƙo. Can ya laluba aljihu ya fito da waya. "Akwai wadda ta buga shi da tafireta," ya ce. "Ba ta manta komai, musamman laifina." Ya ƙara sautin wayar yadda Gwaggo za ta ji.

"Uwargida, kin tuna ɗan akuyan nan da ya hau mota?"

"Ka sha maganinka na rana?"

"Na sha. A kan gada, wa ya kama masa igiya?"

"Kai da ka rubuta kake tambayata? Jaki ne."

"Jaki?"

"Jakin mai tukwane, maƙwabcinsu, da ya kawo kaya kasuwar garin. Igiyar ta sabuwar ciyawa ce, ya kama yana ci. Ɗan akuya ya gane shi da yagaggen kunnensa, ya bi su har gida, jakin na tafe yana cin igiyar, suna isa ƙofa tana ƙarewa. Ni na ce maka ka sa jaki. Kai mahauci ka so sawa, na ce ba za ka firgita 'ya'yan mutane da tafiretata ba."

Gwaggo ta rufe baki da gefen mayafi. Shekaru ana gardama, ba a taɓa samun yaron da ya kawo a ransa cewa mai kama igiyar ba shi da hannu ba.

Aka samo fararen takardu. Uwargida tana faɗa ta waya, tsohon yana rubutawa, suna musu a kan ko ruwan ya ɗauke kafin su bar gadar ko bayan sun bari. Inda suka tabbata da kalmomin asali suka sa su, inda suka yi shakka Gwaggo ta roƙe shi ya faɗi haka a ƙasan shafi, ya faɗa, ya sa hannu. Doguwar mai zane, wadda ta tsaya kallo, ta karɓi takarda ɗaya ta zana jaki mai yagaggen kunne da igiya a baki.

Ranar Asabar ɗakin yara bai ɗauki jama'a ba. Iyaye sun tsaya a bakin tagogi, wani mai gyaran rediyo ya rufe shagonsa ya zo da 'yarsa a kafaɗa, har tsofaffin teburin jarida sun farka. Maigida ma ya zo, wai iska ce ta biyo da shi. Gwaggo ta riga ta manna sababbin shafukan da gam, ta danne su kwana biyu a ƙarƙashin babban ƙamus. Ta fara daga farko, ba ta yi sauri ba. Da ta kai gada, yara suka matso kusa. Ta juya shafi.

Da jaki ya bayyana, 'yan ɓangaren mahauci da 'yan ɓangaren yarinya suka dubi juna, kowa ya faɗi, babu mai yi wa wani dariya, sai suka haɗu suka yi ta tare. Mai gyaran rediyo ya ce shi dama tun yana yaro ransa ya ba shi dabba ce, aka ce ya yi wa mutane shiru.

Gwaggo ta rufe littafin. 'Yar da ke kan kafaɗar ubanta ta ɗaga hannu.

"Gwaggo, me ya yaga wa jakin kunne?"

Duk ɗakin ya juyo yana jiran amsa. Gwaggo ta dubi hoton, ta dubi yarinyar.

"Wannan kuma," ta ce, "sai ki tambayi wadda za ta gaje ni."