Robar Hannu da Man Gyaɗa

Ku matso kusa in ba ku wani labari. Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da safiyar da aka raɗa wa takwarata suna, domin ranar ce na sha taɓo har a baki, a bayan babur ɗin maigidana.

Ni dai 'yar zaman gida ce. A nan Potiskum aka haife ni, amma kasuwar shanunmu da ake ta zance, sai dai in ji labarinta. Ina tsakar gida ina tuyar ƙuli-ƙuli ina matsar mai, duniya ce ke zuwa ta same ni. Biki ko suna, sai in aika da gudummawa in ce ƙafata ke ciwo. To, sai ƙanwata da ke aure a wani ƙauye can gaba da Danchuwa ta haifi mace. Ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, sunanki nake so a sa mata. Amma wallahi in ban ga ƙafarki a gidan nan kafin liman ya shafa fatiha ba, gwaggon mijina za a yi wa takwara. Ita ko ba a gayyace ta ba tana zuwa." Na yi dariya, amma da na ajiye wayar sai na ƙudurta a raina sai na je. Allah bai ba ni 'ya mace ba, kuma ba a taɓa yi mini takwara ba.

Lokacin damina ne, mota ba ta shiga garin nasu. Sai dai babur ɗin maigidana, irin dogon nan na jeji mai tayoyi kamar haƙoran kada, wanda yake shiga ƙauyuka da shi sayen gyaɗa. Da ya ji da gaske zan hau, murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce ba zai ɗauke ni da tsofaffin robobin hannu da suka yayyage ba, sai ya yi wa babur kwalliya. Ana gobe suna da la'asar ya dawo da sababbi, jajaye, masu geza tana reto.

Ya zauna a gindin darbejiya ya yanke tsofaffin da wuƙa. Ya kwance wayar totur, ya ce ta yi tauri, tana son mai. Baƙin mai ya ƙare, sai na ga ya nufo kwanon man gyaɗana, sabon matsa, ko hucewa bai gama yi ba.

Na ce, "Malam, wannan fa na miya ne."

Ya ce, "Mai ai mai ne, Hajiya. Babur ɗin da gyaɗa ke ciyar da shi zai ƙi man gyaɗa?"

Ya ɗiɗɗiga a cikin wayar, ya murɗa totur, ya sake, ya koma da kansa sumul. Da a nan ya tsaya, da ba ku ji wannan labari ba. Amma robobin suka ƙi shiga kan babur. Ya tura, ya doka da tafin hannu, ya yi gumi, ko rabi ba su kai ba. Sai ya tsoma yatsa a mai ya shafe cikinsu. Suka shige suluf. Ya dube ni yana washe baki, ya ce, "Kin gani? Da bakanike na kai wa, sai ya ce in dawo jibi."

Da gari ya waye muka kama hanya, ni da leshina na Sallah da bokitin ƙuli-ƙuli a cinya. A kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar gona ne kunnena ya fara gaya mini wani abu. Ni fa daga ɗaki nake gane kukan babur ɗin nan tun yana bakin layi. Ina ganin hannun Malam yana murɗawa, amma kukan injin bai tashi yadda ya saba.

Na ce, "Malam, babur ɗinka ba ya amsa maka."

Ya ce, "Ke da yau kika fara hawa? Riƙe bokitinki."

Ashe robar ce ke juyawa ita kaɗai, totur ɗin yana zaune abinsa a ƙarƙashi. Muka iso wani kwari da ruwan sama ya bar taɓo a cikinsa. Irin wurin nan sai an ba da wuta ake fita. Malam ya murɗa, shiru. Ya sake murɗawa da ƙarfi, ya ja kan babur don ya ɗaga tayar gaba, sai ga robar hagu ta zare ɗungurungum a hannunsa, geza na reto. Abin da na sani kawai, sama ta koma ƙasa. Na tashi zaune a taɓo, ƙuli-ƙuli ya watse ko'ina, Malam kuma yana kwance rigingine, riƙe da jar roba kamar wanda aka ba kyauta.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma rana ta fara ɗagawa, kuma na san limamin ƙauye ba ya jira, mutane na son tafiya gona. Malam ya mai da robar, ta sake zarewa. Ya goge da bakin rigarsa, santsi na nan. Wani manomi a kan keke ya tsaya ya yi mana sannu, ya tambayi inda muka nufa, ya jingine kekensa yana kallonmu yana ƙunshe dariya.

A saman kwarin akwai wata bukka da hayaƙi ke tashi. Na hau da rarrafe, na tarar da wata tsohuwa tana dama kunu. Na ce, "Inna, taimake ni da toka." Abin da nake wanke kaskon tuya da shi ke nan kullum. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da irin Hausarta ta mutanen wajen, "'Yar nan, ke da wanka ya kama, toka kike nema?" Ta ɗebo mini, ta biyo ni da sandarta don ta ga ƙarshen abin.

Na zauna na dirje ƙarfen kan babur da bututun totur da cikin robobin nan da toka da yashi, har suka riƙa ƙara a hannu. Tun ina cikin dirzar mai keken ya hau kekensa ya yi gaba. Malam ya hura, ya share don kada yashi ya shiga cikin totur. Sai kuma muka koma inda aka fara: robobi suka ƙi shiga. Ya yi tagumi. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, tiyon rijiyar lambunmu ma in ya ƙi shiga, ruwan zafi muke sa shi." Ta kawo ragowar ruwan kununta, muka jiƙa robobin, suka yi laushi, suka shige. Da suka huce suka kama ƙarfe gam. Malam ya ja da hannu biyu, ko motsi. Ya tayar da babur, ya murɗa, na ji kukan da na sani. Na ce, "Yanzu ya amsa."

Muka yi gudu iya gudu, amma tun daga bakin gari na hango maza na fitowa daga ƙofar gida suna tauna goro. An shafa fatiha. Na shiga ɗakin mai jego da taɓo har a gira, hawaye na bin sa, ga gwaggon nan zaune a kan tabarma ta sha ado. Ƙanwata ta kalle ni, ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ashe mai keken nan maƙwabcinsu ne, shi ya kawo labari cewa ga yayar mai jego can a kwari tana wanke babur da toka.

Ta ce, "Da na ji haka na aika wa mijina cewa a sa sunan. Yayar da ta bar gindin murhu har ta kai kwari, ai ta zo." Ta miƙo mini jaririya. "Ungo takwararki, amma don Allah wanke hannu tukuna."

Yarinyar nan yanzu har ta fara zuwa makaranta. Da yake ba a kiran sunana gatsal a gidan, laƙabin da ya bi ta shi ne Mai-Toka. Malam kuwa, in zai sa robar hannu, ni yake cewa in ɗora ruwa, kuma ya sayi man da ya dace da wayar totur, ya bar mini na miya.

Abin da ranar ta koya mini, kowane abu da mazauninsa: man da ya gyara waya shi ya ɓata roba. Na kuma gane cewa 'yan'uwa ba aikenka suke ƙishi ba, ƙafarka suke son gani, ko da taɓo a jikinta. Ke da kike karanta wannan a gindin murhunki, wa ya daɗe yana jiran ƙafarki, kina aika masa da gudummawa?