Tukunyar da Gwaggo Ta Bari

Yau ma patron, shugabana a wurin aiki, ya kira. Manhajar odar kaya da muke haɗa wa 'yan kasuwar Messa, wai a ƙara mata biya ta waya, amma ranar Juma'a da za mu miƙa aikin tana nan daram. Ina ajiye wayar ƙafata ta bugi tukunyar Gwaggo a ƙarƙashin tebur.

A shekarar korona ne ta bar ta, nan unguwar Briqueterie. Ina fama da irin wannan aikin, idona ya yi ja, ita kuma tana haɗa kayan hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré. Ɗakin duk ƙamshin kilishi. Jakar ta ƙi rufuwa, ta hau kai ta zauna, zif ya ƙi. Sai ta zaro sabuwar tukunyar ta dire gabana.

Na ce, "Gwaggo, ai dominta kika je kasuwar Mokolo."

Ta ce, "Ɗana, jirgi ba zai jira ni ba. Dole wani abu ya zauna, sai wata tafiyar."

Ba a yi wata tafiyar ba. A can aka binne ta.

Na gaji. Gobe zan ce wa patron ya zaɓi abin da za mu cire daga manhajar. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa abin da ta tafi da shi ya ishe ta.