Zaren Malam Bukar

Ku da kuka yi aiki a bironmu, wato ofishinmu na Gure, kun sani, ba a zama kusa da Malam Bukar da sabuwar riga. Kana cikin gaisuwa sai ka ji an ɗan ja ka, ka duba, mutumin ya zare maka zare. Wai alama zai sa a takarda! Shi ne mai ajiyar dosiyoyi, wato kundayen takardu, kuma kowane shafi mai muhimmanci da zarensa: ja na rijiya, baƙi na burtali, shuɗi na iyakar gona. Bai taɓa sayen zare a kasuwa ba.

Ranar da aka turo ni daga Maraɗi in riƙa buga takardu, na durƙusa na gaishe shi, sai ya ƙura wa gyalena ido.

"Ɗiyata, jan nan yana zuba?"

"A'a, Baba."

"Madalla. Matso."

Tarbar da na samu ke nan.

Wata rana matarsa, Ya Falmata, ta faɗo biro riƙe da rigarsa ta Juma'a. "Malam, ina aikin wuyan rigar nan ya tafi?" Ko ɗaga kai bai yi ba, ya nuna kantar dosiyoyi da baki. "Yana garin Kelle, yana gadin gonakin mutane."

A shekarun casa'in ɗin nan ne aka kawo mana odinatar, na'ura mai allon gilashi. Wata da watanni ina buga tsofaffin rahotanni a cikinta. Sabon shugabanmu, Mushe Idi, wato Malam Idi a Faransance, ya tara mu ya nuna mana abin mamaki: ka rubuta kalma, ka danna, ta kai ka duk inda kalmar take, komai kaurin takarda. Sannan ya juya ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari. Ƙarshen wata sai ka je ka huta."

Ranar ba wanda aka zare wa riga. Da za mu tashi Malam Bukar ya ce mini, "Ɗiyata, in na zauna gida me zan yi? Kajin ma suna da mai ba su tsaba." Wallahi na ji kunya, domin ni na ɗura wa abar duk abin da za ta kore shi da shi.

Saura kwana uku wata ya ƙare, sai ga wani dattijo makiyayi daga Alakos. Ana so a hana su shayarwa a wata rijiya, alhali an taɓa yin sulhu a kanta, an rubuta a wani rahoto mai kaurin tubali. Mushe Idi ya gyara zama, ya rubuta rijiya da Faransanci, ya danna. Kai, jama'a! Rijiya a nan, rijiya a can, kusan kowane shafi rijiya. Yana dannawa yana karantawa har aka kira azahar, gumi ya jiƙa masa kwala.

Malam Bukar na gefe yana ɓantarar goro. Can ya tambayi dattijon, "Wadda raƙumi ya taɓa faɗawa?"

"Ita!"

Ya miƙe a hankali, ya sauko da rahoton, ya lalubi wani jan zare mai ƙulli biyu, ya buɗe. Ga sulhun, ga dangwalen yatsun dattawa. "Ƙulli biyu, an yi rigima an shirya," in ji shi. Ya kalle ni. "Jan gyalenki ne, tsohon zaren ya ƙoƙe."

Mushe Idi ya ce, "Ai da mun ci gaba, da na'urar ma ta kawo mu nan."

"Ba ta yi ƙarya ba, Mushe. Ka ce rijiya, ta ba ka rijiyoyin ƙasar duka. Yarinya ce mai ƙwazo. Wadda mutane ke kuka a kanta ce ba ta sani ba."

Ba a sake maganar hutu ba. Aka jawo kujerarsa kusa da tawa, yana faɗar shafin da ke da nauyi, ni ina sa masa alama a na'ura. Amma zare bai daina ba. Ni da idona na ga Mushe Idi ya miƙa masa hannun kwat ɗinsa da kansa, yana cewa, "A hankali dai, Malam, ɗaya gare ni."

Da ya rasu, Ya Falmata ta fito da tufafinsa za ta yi sadaka, aka rasa riga ɗaya mai lafiyayyen baki. Muka yi ta dariya a zaman makoki, hawaye na zuba. Har yau in na buɗe tsohuwar dosiye na ga shuɗin rigar Juma'ar nan, sai in kasa juya shafin.

Allah ya jiƙan Malam Bukar. Allah ya ba shi littafinsa a hannun dama, ya sa a buɗe shi daidai shafin alherinsa. Amin.