Ƙaramar Jif da Bencin Baya

Kafin in zama abin nunawa da baki, ni direba ne, kuma ba cika baki ba, na iya tuƙi. A Nok aka haife ni. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, sai yayar babana, Mama Saratu, ta ɗauke ni ta raina. Duk garin haka ake kiranta, har waɗanda suka girme ta. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, mace mai faɗa amma mai sakin hannu. In ta yi maka tsawa da safe, da rana za ka ga ta aiko maka da tuwon acca. Ita ta sayar da cittarta ta kai ni Kafanchan na koyi mota. Na rubuta wannan ne saboda ku matasa, musamman ku da bakinku ya fi hannunku aiki, don ni ma haka nake a da.

Maigidana dilan motoci ne. Iyayensa daga kudu suka zo aikin jirgin ƙasa, amma shi a Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa. Yana da fili a Abuja da ɗan ofis a Kafanchan, aikina kuwa in ɗauko mota in kai wa wanda ya saya. Ya riƙe ni da kyau, ba zan yi masa sharri ba. Ni ne dai na fara da ƙananan abubuwa. In na taso daga Abuja da motar mutane, sai in tsaya in kwashi fasinja. Daga nan na koma rage mai a tanki. Ban taɓa kiran wannan sata ba, ina ce masa wayo, kuma da na ga ba wanda ya kama ni sai na ɗauka na fi kowa kai.

A wannan lokacin ne wata sabuwar ƙaramar jif ta fito. Kai, ta yi tashe! Kafin ta iso ƙasar nan muna ta ganinta a waya, ana cewa a ƙasashen waje ma sai an bi layi. Da ta iso, Legas ta fara kwashewa, Abuja ta samu ragowa, Kaduna ƴan kaɗan, mu a Kafanchan ko ɗaya. Ga ta da tsayin ƙafa irin wanda hanyoyinmu suke so, ba ta shan mai kamar manyan jif, kuma kamfanin ya yarda a biya kaɗan-kaɗan. Maigidana ya yi ta faɗi-tashi har ya samu guda ɗaya tak, fara, ta gwaji. Lokacin haƙar citta ne, kuɗi ya shigo hannun manoma, sai ya miƙa mini makulli ya ce in zaga da ita Zonkwa da Samaru Kataf da ƙasar Jaba, mutane su gani su taɓa, wanda yake so in rubuta sunansa. Ya ja mini kunne sau biyu cewa suna kawai zan karɓa, kuɗi a ofis ake biya.

Duk inda na tsaya sai a yi mini zobe. Masu mashin suna leƙe, dattawa suna ƙwanƙwasa jikinta kamar za su sayi tukunya. Kowa tambayarsa ɗaya, yaushe tasa za ta zo. In na ce layi ne kuma zai ɗauki watanni, sai wani ya ja ni gefe ya cusa mini na goro don in matsar da sunansa sama. Na karɓa. Ba ni da ikon matsar da kowa, amma na karɓa, na kuma ji daɗin yadda manya suke kirana Oga.

Da na shiga Nok sai na tarar da magana a ƙasa. Baba Fasto, wanda ya yi mini baftisma, zai yi ritaya. Shekara da shekaru yana bin ƙauyuka a kan mashin, har ya taɓa faɗuwa da damina ya karye a ƙafa. Matan zumunta suka ce ba za su sallame shi hannu wofi ba. Suka haɗa kai da sauran ikkilisiyoyin gunduma da ƴaƴan gari da ke birni domin a saya masa mota, aka kuma buga anko na musamman, atamfa mai hoton fuskarsa, don ranar bankwana. Mama Saratu ce ta riƙe abin da aka tara. Da ta ga jif ɗin sai ta zagaya ta, ta dafa ƙirji ta ce wannan ce za ta iya hanyar ƙauyensa. Ta tambaye ni ko za a samu kafin ranar.

Na san amsa. Ba za a samu ba. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Mama, wannan da kike gani ita ce taku. Ku ba da kafin alƙalami a hannuna, in je in gama takardu in dawo da ita."

Dattawan ikkilisiya ba su saki jiki ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce a je ofis a Kafanchan a biya a karɓi rasit. Mama ta fusata, ta ce yaron da ta raina da hannunta ake zargi? Ta ce ita ta tsaya mini, in wani abu ya faru a kama ta. Suka haƙura, don ba a jayayya da Mama Saratu a kan gaskiya. A gabansu ta miƙo mini jakar kuɗin. Sannan matan suka kewaye motar, suka yi waƙa, suka yi mata addu'a yadda muke yi wa kowace sabuwar mota, aka yago ƙyalle daga ankon aka ɗaura a jikin madubi. Ni har da rufe ido ina cewa amin.

Ina fita daga gari na kwance ƙyallen na jefar a daji. Kuɗin kuwa kada ku tambaye ni. Otal, sabuwar waya, cacar ƙwallo, abokai da ban san inda suka fito ba. Cikin ƴan makonni jakar ta yi sauƙi, ranar bankwana tana matsowa, maigidana yana ta kira yana tambayar yaushe zan maido motarsa. Sai na ce bari in sake sayar da ita, in toshe wancan ramin da wannan.

A Zonkwa akwai wani mai sayen citta, Malam Bitrus, wanda ya daɗe yana bina da maganar jif ɗin. Na je na yi masa irin zancen da na yi a Nok, ya ce to, amma sai uwargida ta gani. Matarsa Rifkatu ta fito tana goge hannu. Ita ba ruwanta da fitilu ko rediyo, so take ta ga buhu nawa but, wurin kaya na baya, zai ci. Ta buɗe, ta auna da ido, sannan ta ɗaga shimfiɗar ƙasa don ta ga ko akwai safayar taya. A jikin safayar akwai ƙyalle a ɗaure tam, fuskar Baba Fasto tana kallonmu. Ashe Mama ta ɗaura na biyu a ɓoye lokacin da muke addu'a, don kada iska ta ɗauke na madubi.

Abin da na manta, ni mai wayo, shi ne a ƙasarmu in an buga anko har gidan aure ake bin ƴar gari da shi. Rifkatu ƴar Nok ce. Ta sayi atamfar, ta kuma ba da nata gudummawar. Ta dube ni ta ce, "Wannan ba motan Baba Fasto ba ne?" Na fara kame-kame cewa iri ɗaya ce aka kawo biyu. Sai ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta a gida. Malam Bitrus ya zare makullin daga hannuna, ya ce in zauna in sha ruwa. Kafin la'asar ina hannun ƴan sanda.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi satar muni, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Da aka tambaye ni ko ni kaɗai na yi, sai na ce da sanin Mama Saratu, wai mun shirya za mu raba. Lissafina shi ne in sunanta ya shiga, coci za ta janye ƙara don a rufa asiri. Ba a janye ba. Ƴan sanda ba su sami abin riƙe ta ba, suka sallame ta. Maigidana ya karɓi motarsa, kotu ta ba ni shekara uku, Baba Fasto ya koma ƙauyensu a bas da kayansa a kan rufi.

Amma coci ba kotu ba ce. Dattawa suka zauna suka ce ita ta hana a je ofis, ita ta miƙa jakar, ga kuma ɗanta ya ambaci sunanta da bakinsa. Suka sa ta a ƙarƙashin horo. Wanda bai sani ba, horo a wurinmu shi ne a sauke ka daga kowane muƙami, a hana ka Jibin Ubangiji, ka koma zama a bencin baya kusa da ƙofa har ranar da za ka tashi a gaban jama'a ka furta laifinka. A nan aka sami cikas. Mama ta ce ta yarda ta yi wauta, ta kuma roƙi gafara a kan wannan, amma ba za ta tsaya a gidan Allah ta ce ta ci abin da ba ta ci ba. Dattawa suka ce to horo yana nan. Ita kuma ba ta fasa zuwa sujada ba ko Lahadi ɗaya.

Ban san da wannan ba sai da na shekara a gidan yari. Rifkatu ce ta faɗa mini, ta zo cikin matan da suke kawo wa fursunoni abinci da wa'azi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce matar da ta koya wa rabin garin waƙar zumunta yanzu tana zaune a baya tare da masu zuwa a makare. Ranar ban iya cin abincin ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a kotu. Na rubuta wa dattawa wasiƙa na ce ƙarya na yi mata, suka aiko da amsa cewa takardar wanda ya yi ƙarya a baki ba ta isa ba, sai na zo da ƙafata. Ban ga laifinsu ba. Sauran shekara biyun na yi su ina koyon gyaran inji a ciki, ina roƙon Allah abu ɗaya, kada ya ɗauki ranta kafin in fito.

Ranar da aka sake ni, na tsaya a bakin titi a Kafanchan sai ga jif ɗin nan ta wuce. Can sai ga wata, ja, an ɗaure mata buhunan masara a sama. Kafin in kai tasha na ga huɗu, ba wanda ya ko waiwaya. Dariya ta kama ni ni kaɗai kamar mahaukaci. Wai wannan ce na sayar da mutuncin uwata a kanta, abin da in an yi haƙuri kowa zai samu.

Ranar Asabar ce, na kwana wurin wani abokin aiki, da sassafe na hau mashin zuwa Nok. Na isa ana waƙar farko. Tana nan a bencin baya, ta rame, gashinta ya yi fari fat. Ta gan ni, ta kawar da kai. Na wuce ta na je gaba na durƙusa, na roƙi sabon fasto ya ba ni dama. Na faɗi komai, tun daga fasinjan da nake kwasa har zuwa ƙaryar da na yi a ofishin ƴan sanda. Na ce Mama Saratu ba ta ci ko sisi ba, ba ta san komai ba, laifinta ɗaya ta yarda da ni. Dattijon nan da ya ce a je ofis tun farko shi ya miƙe, ya ce ikkilisiya ta ɗage horo, kuma su ma suna neman gafararta. Ya ce ta taso ta dawo wurinta.

Ba ta tashi nan da nan ba. Matan zumunta sun fara guɗa, ta ɗaga musu hannu suka yi shiru. Sai ta dube ni daga can baya ta ce, "Kai, zo ka kama ni. Ƙafan ya yi tsami."

Na je na kama ta. Muka taka a hankali tun daga ƙofa har gaba, tana jingine a kafaɗata, tana ce mini ƙasa-ƙasa na rame kamar kazar da ta yi jinya, kuma kada in kuskura in tafi ban ci abinci ba.

Yau ina da ɗan garejina a Samaru Kataf. Ba ni da mota, mashin ma na haya nake hawa, amma ina barci har da minshari. Duk kaka ina kai wa coci abin da ya sawwaƙa daga abin da na cinye, na kuma je ƙauyen Baba Fasto na durƙusa masa, ya sa mini albarka ya ba ni doya. Jif ɗin nan ma tana shigowa garejina a kai a kai, ina gyara ta kamar kowace mota.

To, ƴan'uwana matasa, ku ji daga wanda ya je ya dawo. In an ce ka karɓi suna, ka karɓi suna. In abu bai iso ba, ka ce bai iso ba, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya jira mota. Kada ka kira ƙaramar sata wayo, don ni daga fasinja biyu na fara. Abin da ya fi duka, in ka faɗi, ka faɗi kai kaɗai, kada ka jawo wanda ya tsaya maka. Ni shekara uku na yi a kan abin da na aikata, Mama Saratu ma shekara uku ta yi, ita da ba ta aikata komai ba. In akwai wanda yake zaune a baya yau saboda bakinka, kada ka bari Lahadi mai zuwa ta same shi a can.